Seini Magini da Katangar da Ya Fasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 1957, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, Baba Seini magini ya rasu a gidansa da ke Zongon Kumasi, bayan jinyar kwana tara. Ni Hamadu mai fataucin shanu nake wannan rubutu, kuma ban cancanci yin sa ba. Na yi ne don kada wani ya riga ni faɗin abin da ya faru.

Baba Seini, duk Zongo an san ka da bokiti. Ba ka taɓa haƙa tushen gini ba sai ka zuba ruwa a tsakiyar fili, ka bi shi a sunkuye ka ga inda ya nufa. Mata suna tsokanarka wai kai ne mijin da ke bin ruwa zance, kai kuwa sai dariya. Amma su ɗin ne ke aiko maka idan damina ta kawo kai, ka je ka gyara masu hanyar ruwa, ka sha koko ka tafi. Dokar Tankas, wato hukumar gari, ta ce a bar ƙafa uku tsakanin katanga da katanga, tsakar gida kuma ta gangara zuwa gota, wato kwatar bakin titi, ba wajen maƙwabci ba. Mu muna bin ta ne idan duba-gari na kusa. Kai ko yana nan ko ba ya nan.

Bana na kira ka ka ƙara mani ɗaki. Na cika filin da marmara har ya yi tudu, na ce ka ja katangata ta manne da ta Habibatu, gwauruwar da gidanta ke gangare da nawa. Ɗakinta ginin ƙasa ne, a ciki kuma tsohuwarta take kwance, shekara biyu ba ta tashi. Ka zuba ruwanka, ka bi shi, ka ɗago.

"Hamadu, ruwan ga ɗakin Habibatu zai tafi. Ba na sa hannu."

Na ce ƙafa uku wurin gado ne guda, ba zan bar wa ruwa ba. Ka kwashe kayan aikinka ka fita. Na ɗauko wasu magina daga Asokore Mampong suka yi yadda nake so. Da duba-gari ya zo ya shafa jan fenti a bangon, ya ba ni kwana bakwai in rushe, sai na tare ka a ƙofar masallaci, gaban jama'a, na kira ka munafuki mai kai ƙara. Ka sa takalminka ka tafi.

Ranar Lahadi da la'asar hadari ya haɗo. Kafin a kira magariba ruwa ya taru a bayan ɗakin Habibatu har gwiwa, ya rasa mafita, bangon ya fara jiƙewa yana zubar da ƙasa. Habibatu tana ihu, ta kasa ɗaga tsohuwar ita kaɗai, ƙofar ma ruwa ya danne ta. Ni ina tsaye a barandata ina cewa yanzu zai ɗauke. Wallahi na san ba zai ɗauke ba.

Sai ga ka da diga, ba ko hula. Na sha gabanka na ce idan ka taɓa katangata sai mun je gaban alƙali.

"Mu je gobe," ka ce. "Yau matsa."

Dattijo mai shekara sittin da wani abu, cikin ruwa har cinya, kana sarar bulo. Da ramin ya buɗe, ruwan ya kwararo ta tsakar gidana, ya kwashe tukwane da kaji ya nufi gota. Ɗakin Habibatu ya tsaya. Kai kuwa ka koma gida kana rawar sanyi, washegari ciwon ƙirji ya kwantar da kai.

Kwana tara ina cewa gobe zan je gaishe ka. Kunya ce da girman kai, ba wani abu ba. Ranar da na ɗaure na tafi, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Bayan jana'iza matarka Hadija ta gaya mani, ba tare da ta kalle ni ba, cewa ba kai ka kai ƙarata ba. Ka dai je wajen duba-gari sau ɗaya, bayan zagin da na yi maka, ka roƙe shi ya ƙara mani kwanaki.

Jiya na rushe sabon ɗakin nawa da hannuna. Na auna ƙafa uku, na ƙara ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Baba Seini, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hadija, da 'ya'yanka Kassim da Sala, da dukan maginan Zongo. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Kassim, Sala, a gaban jama'a na zagi mahaifinku, don haka a gaban jama'a nake roƙon ku. Ku yafe mani, don shi ban same shi ba.