Injin Kawu Hammadu

Zailani mutumin Nariya ne ta ƙasar Kibiya, amma a Rano ya koyi sana'a. Aikinsa feƙe ƙarfe a kan inji: a kawo masa sandar injin niƙa da ta cinye, ko wani ƙarfen injin ban ruwa da ya karye, ya ɗaura ɗanyen ƙarfe ya fitar da irinsa sak. Ba shi da yawan magana, kuma tun yana yaro bakinsa yake nauyi a gaban manya.

Shekarun da farar hula suka karɓi mulki, ana ta maganar shari'a a Kano, noman rani ya buɗe a wajen Rurum. Injinan ban ruwa suka yi yawa, mai yi musu ƙarfe babu. Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Hammadu, Bafulatanin da ya zauna a Rurum Sabon Gari ya haɗa noma da kiwo, ya sami Zailani a shagon maigidansa a Rano.

"Zailani, in na sayi irin wannan injin, za ka zo ka riƙe? Shagon naka ne. Ni dai in ga mutanenmu sun huta da jigilar ƙarfe zuwa birni."

"In Allah ya yarda, Kawu."

Shi ke nan, Kawu ya riƙe wannan a matsayin alkawari. Ya kai bijimansa kasuwa, ya ɗauko inji daga Kano, ya zuba siminti, ya kafa rumfar kwano a bakin hanya.

Ana cikin haka wani kamfanin roba a Kano ya gwada hannun Zailani, ya ce ya zo. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma injinansu sababbi ne, kuma za a koya masa sassaƙa mazubin da ake zuba roba. Ya rasa wanda zai gaya wa sai matarsa Ramlatu.

"A Rurum, abin da na iya yau shi zan tsufa ina yi," ya ce. "Can kuwa gaba ake ci."

"To, ka je ka faɗa wa Kawu da bakinka," in ji ta.

Ya je. Kawu ya tarbe shi da fura da nono, ya ja hannunsa ya kai shi rumfa, ya nuna masa yadda ya shafe injin da mai don gudun tsatsa. Zailani ya zagaya injin yana dubawa. Abin da ya iya cewa kawai, "Inji ya yi kyau, Kawu." Bayan ya tare a Kano, mahaifiyarsa ce ta kai wa Kawu saƙon cewa ba zai zo ba.

Lissafin Zailani bai kuskure ba. Ya ƙware, aka ba shi shugabancin sashe, ya gina gida. Kawu kuwa ya nemi wani ma'aikaci, wanda ya samu bai daɗe ba ya tafi. Aka lulluɓe injin da tamfol, kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashinsa. Masu saye sun zo, Kawu ya hana.

Kawu bai taɓa tayar da zancen ba. Duk sallah sai ya aiko wa Ramlatu man shanu, in sun haɗu a suna ko jana'iza ya ce, "Yaya aikin kamfani? Allah ya ƙara ɗaukaka." Zailani ya gwammace a zage shi. In ya zo gida ya gaida mahaifiyarsa, sai ya sami dalilin da zai hana shi ƙarasawa Rurum.

Da Kawu ya rasu, magada suka sayar da injin ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ya fi ƙarfin ɗauka a haɗe, babu kuma wanda ya san kansa, sai suka kira Zailani ya kwance. Ya zo da kayan aikinsa ranar Asabar. Da ya buɗe cikin, ya tarar man da Kawu ya riƙa shafawa bai bushe ba, haƙoran ko cinyewa ba su yi ba. Ya yini yana kwancewa yana jerawa a kan buhu. Aka kawo masa abinci, bai taɓa ba.

La'asar sakaliya motar masu sayen ta tashi da ƙarafan. Zailani ya wanke hannu da kananzir, ya yi sallama da magada, ya fita bakin titi neman motar Kano.