Ruwan da ya bar mini

Gonar abokina tana sama da tawa a bakin magudana ɗaya, tsakanin Kura da Bunkure. Ruwa sai ya bi ta gefen tasa kafin ya iso wajena. Tun muna samari muke faɗa a kan haka. Ranar da aka sako ruwa, sai ya jera bututai ya janye rabinsa, ni ina can ƙasa ina zage-zage, tumaturina yana yaushi. Da yamma kuma mu haɗu wajen mai shayi kamar ba mu ba.

Malamin firamare ne a lokacin. Daga nan ya zama kansila, ya zama ciyaman, wata rana muka ji a rediyo an ɗauke shi takarar mataimakin gwamna. Na bi shi kamfen har muryata ta dishe. Da na je gidansa a birni bayan rantsuwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Ya kama hannuna ya ce, "Har da kai, mutumina? Tashi don Allah. Yaya albasa?"

Sai daga baya na gane kujerar mataimaki ba ta da wani ƙarfi. Aikinta zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure da buɗe taro a madadin maigida. Mu kuwa muna jira ya sa a yashe mana magudana. Ba a yashe ba. Na ji haushi, kuma bakina bai yi shiru ba a majalisa.

Da suka ɓata da gwamna aka ajiye shi a zaɓe na biyu, sai ya tattara ya dawo ƙauye. Motocin da ke cika ƙofar gidansa suka ɗauke ƙaf. A wajenmu idan mutum ya faɗi, ana zuwa yi masa jaje. Ban je ba. Lokacin ni ne sakataren jam'iyya a mazaɓarmu, rabon taki ta hannunmu yake bi, kuma duk wanda aka gani a zaurensa, sunansa kan isa birni kafin shi ya isa gida. Tsoro ne kawai, ba zan yi masa ado ba. In na hango farar hularsa a bakin gona, sai in karkata babur in bi ta bayan injin shinkafa. Sau biyu ya aiko yana gaishe ni. Na ce ina amsawa, ina nan tafe.

Duk shekarun nan ruwa bai taɓa yanke mini ba, komai tsananin rani. Har cika baki nake yi, wai masu sakin ruwa sun san matsayina.

Ya rasu bayan girbin shinkafa. Jana'iza kam na je, tunda ba mai rubuta suna a maƙabarta. Bayan sadakar bakwai, dattijon da ke kula masa da gona ya same ni ina duba albasa.

"Malam, magada za su ba da gonar haya. Ka shirya, ruwa ba zai zo maka kamar da ba."

"Me ya haɗa ruwana da hayarsu?"

"Ashe ba ka sani ba? Tun da Alhaji ya dawo ya hana mu sa bututu sai taka ta ƙoshi. Ya ce ya sha maka ruwa da yawa kuna samari."

Kunya ta rufe ni, na kasa kallonsa. Da ƙyar na tambaya ko marigayi ya taɓa yin maganar rashin zuwana.

"Bai taɓa ba," in ji shi. "Kullum dai in ya zo gona, sai ya tambaya ko ka riga ka wuce."