Ɗakin da Yunusa Ya Aiko

A harabar duwan, wato kwastan, ta Damagaram na san Nomau, inda nake aikin fitar wa mutane da kaya. Mu da 'yan kasuwar Zango da na Kano muka saba, masu baki kamar reza. Shi kuwa tsohon magini ne daga Guna, siriri, hannuwansa duk sun tsage saboda kwaɓa ƙasa, kuma sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa.

Da wuya ka bi layi a Guna ba ka ga katangar da ya ɗora ba, amma nasa gidan damina ta cinye rabinsa bayan rasuwar matarsa Kande. Bai gyara ba, ya ce wa zai gyara wa. Ɗansa ɗaya ne, Yunusa, wanda ya daɗe a Aljeriya yana aiki inda ake haɗa ɗakunan ƙarfe. Can ya yi aure, can ya haihu, Nomau bai taɓa ganin jikokinsa ba sai a salular maƙwabta.

Wata rana Yunusa ya kira ya ce ya aiko da gida a kamyo, wato babbar motar kaya, ta hanyar Agadas. Abin da ya faɗa ke nan. Abin da tsohon ya ji kuwa shi ne ɗansa zai dawo, don a iya saninsa ba wanda ke yin gida a inda ba zai kwana ba. Ya share fili, ya haƙa tushen ɗaki uku: nasa, na Yunusa da matarsa, da na yara.

Kayan suka iso, duwan ta riƙe. Su tambayarsu biyu ce kullum: mene ne wannan, kuma ina asalinsa? Nan aka sami cikas, don allunan bangon tambarin Turkiyya ne a jikinsu, ƙarafan kuma a Aljeriya aka yanka su aka huda. Madam Farida, ma'aikaciyar da kayan suka faɗo hannunta, ta tambayi tsohon ko ya san asalin. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗan Guna ne, 'yata, jikan Tanimu magini. A gidana aka yanke masa cibi."

Dariya ta taso mini, na haɗiye ta da ƙyar. Ita kuwa ta gaya masa a hankali cewa kayan take nufi, ba mai kayan ba. Daga baya ta tsayar da Aljeriya a matsayin asalin kayan, tunda can aka mai da su abin da suke.

Tambayar farko ce ta zame mana rigima. In duk abin da gini ke bukata yana cikin kamyon, ko da a kwance yake, gini ne cikakke, a haka za a rubuta shi. In kuwa ɓangarori ne kawai, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe da ƙarafa, ƙofa da ƙofofi. Ni cikakken nake so, don ya fi sauƙin aiki. Nomau ya kafe, wai bai cika ba, sauran na hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin mai kaya yana ja da wanda ya ɗauka ya fitar masa da su ba. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi.

Sai Madam Farida ta sa aka shimfiɗa komai a ƙasa. Bango huɗu, rufi, ƙofa, taga, da ƙusoshinsu a ƙulle cikin buhu. Nomau ya zagaye su yana aunawa da ƙafa. Magini ne, ya riga mu gani.

"Baba, ya cika," in ji ta. "Ɗaki ɗaya ne, ba abin da ya rage."

Ya roƙe ni in kira masa Yunusa. Na kira, na buɗe muryar salular saboda kunnensa ya yi nauyi. Yunusa cike da murna yake ta bayani, cewa ba ya yoyo, zafi ba ya ratsa shi, gara ba ta cinsa. Ya ce, "Ya ishe ku, Baba, tunda ku kaɗai ne."

"Kai fa?" in ji Nomau.

Yunusa ya ce aiki ya yi yawa, sai dai wata shekara in Allah ya so. Tsohon ya sa masa albarka, ya miƙo mini salular. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

Bayan damina na bi ta Guna na leƙa shi. An kafa ɗakin a gefe ɗaya, fari fat, cikinsa tabarma da buta. Ramukan tushen ɗakuna biyun suna nan, ruwa ya cika su da yashi, na tarar yana kwashewa da shebur. Na ce ya bari a rufe su mana, kada wani ya faɗa, tunda gini ya riga ya cika.

Bai ɗago ba. Ya ce, "A wurinku ne ya cika."