Karatun Jari a Siton Alhaji Ɗayyabu

A duk shekarun da na yi ina aikin sito, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da maigidana ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa a gabana. Ku da kuka shigo aiki bana ku saurara, don ba kullum nake ba da labarin nan ba.

A lokacin ni ne akawun siton hatsi na Alhaji Ɗayyabu a nan Funtua. Ga wanda bai san tsarin sito ba, Alhaji ne a sama, sai akawu, sai mai sikeli, sai 'yan dako, sai maigadi. Aikin akawu shi ne ya tsaya a bakin ƙofa idan motar masara ko waken suya ta iso daga Tsiga ko Dayi, ya ga an auna, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya yanka wa direba tikiti. Na daɗe a kan wannan aiki har Alhaji ya manta cewa sunana Sale. Akawu kawai yake kirana.

A kakar da ta biyo bayan canjin kuɗi, ɗan ƙanen Alhaji, Nazifi, wanda ya gama jami'a ya dawo gida, ya nuna masa wani bidiyo a waya. Wani tsohon Bature ne, attajirin da aka ce duniya ta san shi wajen zuba jari, yana faɗin littattafan da ya kamata ɗan kasuwa ya karanta. Alhaji ya kalla har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya.

"A wurin wa ya yi karatu?"

Nazifi ya ce ai shi ma yana da malami.

"To karatunsa yana da asali. A sayo su."

Aka sayo su daga Kano. Alhaji bai yi boko ba, amma ya yi karatun zaure sosai, kuma a saninsa ba a karanta littafi a kishingiɗe ko a cikin mota. Littafi sai da malami. Nazifi ɗa ne a wurinsa, ba zai zauna a gabansa ba. Saura ni, mai takardar sakandare ta zamanin da ake koyar da Turanci da bulala.

Wata safiya na iso na tarar an shimfiɗa darduma a ofis, an ɗora littafi na farko a kai. Alhaji ya nuna mini dardumar, shi kuma ya tuɓe takalmi ya zauna a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa.

"Malam, bismillah."

Na waiga in ga malamin da ya shigo. Ba kowa sai mai sikeli, shi ma bakinsa a buɗe.

A zaure ɗalibi ne ke karanta layi, malami ya fassara. Tunda ɗalibin nan ba ya gane baƙaƙen boko, ni nake yin duka biyun, shi kuma yana bin layi da yatsa, duk inda na tsaya ya ce, "Na'am." Ba ma sauri, don ya ce karatun da aka yi wa gaggawa ba ya zama. Da mai littafin ya ce ka saya lokacin da kowa ke rububin sayarwa, sannan ka yi haƙuri, Alhaji ya ce, "Wannan ai sayen masara ne da kaka. Ci gaba, Malam." Da ya ce kada ka zuba kuɗi a harkar da ba ka gane ba, Alhaji ya ce, "Da na san wannan babin da ban yi gidan kaji ba." Gaskiya karatun ya yi daɗi, ni ma na ƙaru.

Sai dai motoci ba sa jiran a tashi daga karatu. Alhaji ya ce ba a tayar da malami daga kan darduma don ya je ya tsaya a rana, Nazifi ya riƙe ƙofa da kwamfutarsa kafin mu gama. Daga baya ya ce ko bayan an tashi, bai dace a ga malaminsa yana cacar baki da direbobi ba. Aka riƙa kawo mini shayi da burodi har inda nake zaune. Ni kuwa na miƙe ƙafa, ina jin an san darajata. Sai wata rana ina kurɓar shayin na lura ba ni da sauran aiki a siton nan sai littafi, kuma littafi yana da shafin ƙarshe. Babbar 'yata tana makarantar koyon jinya, ƙannenta suna sakandare, duk a kan albashin nan. Tsoro ya kama ni, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Ba na duba darasi a gida. Yadda shafi ya zo haka nake karantawa. Ana nan muka shiga babin rage kashe kuɗi. Idona ya riga bakina isa wani layi. Na so in tsallake, amma yatsan Alhaji yana kan layin daidai, Nazifi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ga shi mutum ya ba ni amanar karatu. Na fassara yadda yake.

"Mai littafi ya ce, kasuwancin da ke son ya daɗe ba ya riƙe ma'aikacin da aikinsa ya ƙare, ko da an saba da shi."

"Na'am. Maimaita, Malam."

Na maimaita.

"Ko da an saba da shi?"

"Haka ya ce, Alhaji."

"Allah Ya ƙara wa Malam basira."

Na ce amin. Mai sikeli ya sunkuyar da kai ya fita.

Da muka kai ƙarshen littafin, Alhaji ya ce sai an yi walimar sauka kamar yadda ake yi wa kowane littafi mai daraja. Aka yanka rago, aka gayyato dillalai daga Malumfashi da Tsiga, aka ɗinka mini babbar riga ta shadda, aka zaunar da ni a gaba. Bayan addu'a Alhaji ya miƙe. Ya gode mini har na ji kunya. Ya ce malamansa na zaure sun hore shi da yin aiki da abin da ya karanta, don haka daga yau Malam Sale ya tashi daga akawu, Nazifi ya gaje shi. Ya ƙara da cewa dama nauyi yake ji ya ga malaminsa a layin albashi tare da 'yan dako.

Jama'a suka ce, "Masha Allah." Wani dillali ya miƙo mini hannu yana taya ni murna. Tsokar rago tana hannuna, na rasa ko in ci ko in ajiye. Na ji zafin abin nan ƙwarai, kuma babu wanda zan kai wa ƙara, don da bakina na karanta hukuncin, har sau biyu.

Kada ku ɗauka Alhaji mugu ne. Har gobe in ya hango ni a kasuwa sai ya fito daga mota ya gaishe ni da hannu biyu. Da kaka yana aiko mini da masara, da Salla yana aiko da shadda. Sai dai makarantar koyon jinya ba ta karɓar shadda, shi ya sa kuka gan ni a siton ƙungiyar manoman nan ina yanka tikiti a kan albashin da ku ma kun san yadda yake.

Abin da na koya shi ne, 'yan kasuwarmu ba sa wasa da littafi. Bature zai rubuta abu ya tafi shan iska, mutumin Funtua zai zauna a ƙasa ya karɓa, ya tashi ya aikata. Saboda haka in girman da maigida ke ba ka ya ƙaru dare ɗaya, ka leƙa ka ga wa ke zaune a kujerarka. Kuma kada ka karanta wa maigida abin da ba ka fara karanta wa kanka ba.

A watan jiya ya aiko direbansa da littafi na biyu, wai in fara dubawa kafin mu zauna. Wannan karon na duba shi tas. A tsakiyarsa akwai babi guda a kan sayar da duk kadarar da ba ta kawo komai. Gidan da nake ciki da iyalina na Alhaji ne, kuma ban taɓa biyan haya ba. Na aika masa cewa idanuna sun fara ba ni matsala, sai na sami tabarau.

Jiya direban ya dawo da saƙo. Alhaji yana yi wa Malam sannu, ya riga ya yi magana da likitan ido a Kaduna, mota za ta zo ɗaukata ran Alhamis.