Tsidugun Inna a Turmin Jego

Duk garin da fatauci ya kai ni, sai na nemi barkonon mutanensa na ɗanɗana. A Kumasi suna da wani ɗan kore mai ƙamshi, amma zafinsa a leɓe yake tsayawa. Na Sudan ja ne busasshe, ya ƙona harshe ya wuce, bai bar maka komai ba. A Agadas kuwa sai ka cika cokali kafin ka san ka zuba. Ban ga wanda ya kama ƙafar tsidugun Inna ba, wato mahaifiyata, Allah ya jiƙanta.

Ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar wake ba, kuma a kan reshe kansa sama yake kallo. Ba ya gaggawa. Sai ka haɗiye lomar, ka fara magana, sannan ya taso daga maƙogwaro ya buɗe maka hanci. Tun da na ajiye tafiye-tafiye na dawo ƙauyenmu da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, kowace shekara ina shuka shi a bayan gida. Ina sa attaruhu saboda miya, da ɗan tattasai don maiɗakina tana son jan miya. Shambo ba na ba shi wuri, wannan barkonon 'yan cika buhu ne. Tsidugu kuwa can nesa da su nake dasa shi, jikin katanga, don kada ya yi aure da wani ya lalace.

Yadda Inna ta koya mana, 'ya'yan da suka fara nuna a kan itacen da ya fi ƙarfi ba a cin su. A tsinke, a huda da allura a jera su a baƙin zare, a rataye a madafi saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har lokacin renon iri. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san barkonon baƙin zare iri ne, ko miya za ta kwana lami ba a taɓa shi.

Ɗan ƙanwata ma a gidan ya tashi. Yanzu babban manomin rani ne, katangarmu ɗaya. Kowace shekara yana sayen irin tumatir da na tattasai a gwangwani, irin da idan ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi sai su fito kamar ba ubansu ya haife su ba. Shi wannan ne ci gaba a wurinsa. In ya leƙo ya same ni a tsugune ina ban ruwa sai ya ce, “Kawu, har yanzu kana wahala da abin da tsuntsu ke shukawa da kashinsa?”

Nakan ce, “Tsuntsun ya fi ka, shi ba ya zuwa kanti neman iri.”

Shekarar da matarsa ta yi haihuwar fari, na tafi Maraɗi ta'aziyyar wani tsohon abokin fatauci. Da na dawo, na shiga madafi neman ruwan zafi, na ɗaga kai. Ƙusa na nan, zare babu. Maiɗakina ta sunkuyar da kai ta ce ita ma ba ta gida aka ɗauka, in je in tambayi ƙanwata.

Na same ta a tsakar gidansu tana tsintar shinkafa.

“Yaya, sannu da hanya. Ka ga amaryarka? Mace aka samu.”

“Allah ya raya. Ina irina?”

Ta ajiye faifan. Ta ce ai na san al'ada, miji ne ke kai kayan yajin jego, kuma dangin matarsa mutanen Bunkure ne masu baki. In yaji ya yi sanyi, har a tashi duniya ana gorin gidanmu. Shambon gonar ɗanta sun daka, suka ɗanɗana, kamar garin jan ƙasa. Shi ne ya tsallaka ya tsinko zaren, aka haɗa da citta da kanumfari da masoro aka kirɓa.

Ana cikin haka sai ga ɗan nata ya shigo, takalmin roba har gwiwa, yana murmushi.

“Kawu, wallahi yajin ya yi suna. Har surukata ta aiko tambayar inda muka samu.”

“Ka ce mata a kabarin kakarka ka tono.”

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, “Haba Kawu, barkono ne fa. Ranar kasuwa zan sayo maka mudu guda.”

“Sayo min a gwangwani, marar tushe. Kai da kake da kadada, ka rasa abin da za ka kai gidan surukai sai ka shiga madafin tsoho? Ashe ka san zafinsa, bakinka ne kawai ke raina shi.”

Ƙanwata ta ce in ji tsoron Allah, jinina ne ya ci. Na ce ita ce ma ta fi ba ni haushi, don tare muka zauna gaban Inna tana jera zaren nan, kuma ita ke miƙa mata allura.

Itatuwan bara sun riga sun bushe, awaki sun gama da su. Na zaga maƙwabtan da na taɓa ba dashe, kowa ya ci nasa ya shanye, wai ai suna da ni. Sai da na koma gida na tuna cewa turmi ba ya murƙushe ƙwayar tsidugu duka, ta yi ƙanƙanta. Na sake tsallakawa na tambayi inda suka zubar da tsakin da ya rage a rariya bayan tankaɗe. Ƙanwata ta nuna juji da baki.

Da furfurata na tsuguna a jujinsu, kaji na tone gefe ina tone gefe. Na kwashe ƙasar wurin a kwano, toka da ɓawon albasa da komai, na watsa a fangalin reno na yi ta ba shi ruwa. Abin da ya tsiro ya tsiro a cakuɗe, don shambon yaron na ciki, kuma a ganyen fari ba ka raba su. Haka na dasa su duka, na yi ta bauta wa barkonon da na tsana, har suka yi fure suka ɗaura 'ya'ya. Yawancinsu suka rataya kai ƙasa, dogaye, na tumɓuke su na watsa masa ta kan katanga. Can a ƙarshen layi na ga 'yan tsiraru sun ɗaga kai sama.

Yanzu baƙin zaren a ɗakina yake kwana. Na sa an kafa masa ƙusa a bango kusa da inda nake kunna gawayi, hayaƙin ya ishe shi. Bana matar yaron ta sake haihuwa, ya aiko uwarsa wai ko Kawu zai taimaka da ɗan na yaji. Na ba ta attaruhu cikin kwano. Ta tsaya tana kallon ƙofar ɗakina, na ce ta gaida mai jego.