Makarantar Bayan Lilo

Awaɗif ce matar da ta kusa tashin sana'ata, kuma har yau ban huce ba. Ni gyaɗa nake sayarwa, mijinta kuma mai lilon yara ne. Duk inda ake maulidin wani waliyyi, daga garin Tanta zuwa garin Disuƙ, mota ɗaya ke kwasarmu. Mai irin wannan yawo ina zai sa ɗa a makaranta?

Da 'yarsu Nawwara ta isa karatu, yayar mijin, Ihsan, ta ce a ba ta ita ta zauna a Tanta. Awaɗif ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta rabuwa da 'yarta, ita za ta koya mata. Ihsan ta ce to, maulidin baɗi za ta zo ta ji da kunnenta. In yarinya ba ta karatu, da ita za ta tafi.

Sai dai babu littafi. Ni kuwa tsofaffin littattafan makaranta nake saye a buhu, ina yaga ina ƙunshe gyaɗa. Ranar da Awaɗif ta gano haka na shiga uku.

"Kawu Fahim, tsaya! Baƙaƙe ne wannan, kada ka naɗe!"

"To da hulata zan ƙunsa wa mutane?"

"Ba shi a tafin hannu, ai ba sarki ba ne."

Haka ta bi mai ƙosai da mai alewa, tana ƙwato shafi ɗaya nan, biyu can, ta ɗinke su da zaren buhu. Littafin nata ƙamshin mai yake yi, lissafi na bin bayan labarin ƙasa. A bayan lilo suke zama, ana kiɗa ana ihu, uwa na nuna harafi da tsinke.

Shekara ta zagayo, Ihsan ta zo da jakar tafiya a hannu. Nawwara ta buɗe littafin ta zuba mata labarin wani kurege da ya faɗa rijiya, ko tuntuɓe babu. Ihsan ta ajiye jaka, Awaɗif ta rangaɗa guɗa.

Sai yarinya ta juya shafi, ta tarar da lissafi.

"Umma, kuregen ya fito?"

Shafin ƙarshe na riga na ƙunshe wa wani gyaɗa da shi tuntuni.

Nawwara ta juya wajen Ihsan. "Goggo, a makarantarku littafin cikakke ne?"

Wallahi tausayin Awaɗif ya kama ni. Da hannunta ta haɗa wa Nawwara kaya a jakar Ihsan, ta sa littafin mai ƙamshin mai a sama.

Yanzu yarinya na Tanta. Amma Awaɗif ba ta daina tone mini buhu ba. Na ce me kuma ya rage? Ta ce kuregen take nema.