Tukunyar da Na Wanke Miki, Gwaggo Zarah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, ina cikin bas daga makaranta zan koma gida Edmonton, Mama ta kira ta ce Allah ya karɓi ran Gwaggo Zarah, ƙanwar Babana. Na sauka a tashar da ba tamu ba, na tsaya kawai.

Gwaggo, shekara ashirin kina zuwa tonon ƙasa a wani ƙauye a Jamus, kina neman shaidar cewa ba yaƙi kaɗai ya kai Romawa can ba, sun gina gidaje, sun zauna cikin ƙabilun wurin. Ni dai abin da na sani ranakun Asabar ne, da kike ɗaukar mu, ni da Fauzia 'yar Baffa Rahman, zuwa ɗakin bincikenku a jami'ar garin nan. Kin taɓa ɗora mini fasassun tukwane biyu a tafin hannu, ɗaya ja sumul, aikin Romawa, ɗaya mai kaushi, ginin hannun 'yan ƙasar, kuma a rami ɗaya aka same su. Na ce, murya ƙasa-ƙasa, wataƙila wani sojan Roma ne ya kamu da son yarinyar garin. Ba ki yi mini dariya ba. Kika ce, "Saudatu, ƙasa dai ta ce sun ci abinci wuri ɗaya. Sauran ki bar wa littattafanki na soyayya." Na yi mako ina juya maganar nan a raina.

Sai ranar da kika fita amsa waya. Na ga cikin wata tukunya ya yi baƙi ƙirin, ni kuwa Mama ta raine ni a kan ba a barin ƙanzo a tukunya. Na sa burushi na goge shi fes, don ki dawo ki yabe ni. Ashe baƙin nan ne za a auna a gane abin da suka dafa shekara dubu biyu da suka wuce. Da kika dawo, kika daɗe kina kallon tukunyar, sannan kika ce, "To, kin dai iya wanke-wanke." Ba ki ƙara tayar da zancen ba.

Amma da hutun summer ya zo, Fauzia kika yi wa booking zuwa Jamus. Ita mai baki ce, tana tambaya ba kunya. Na kalli hotunanku, hula iri ɗaya, gwiwoyi duk laka, har na haddace su. Na daina zuwa ranar Asabar. Sau uku kina kira, ina sa Mama ta ce ina da exams. Ban san kin fara zaryar asibiti ba. Fauzia ta sani. Ita ta riƙe hannunki, ita ta ji shahadarki. Wallahi har wannan ma ina kishinta a kai, kuma na san ba a faɗin haka a ta'aziyya.

Ki yafe mini kiran da ban ɗaga ba, Gwaggo.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ilimin da kika bari ya zame miki sadaka mai gudana, ya sa Aljanna ce makomarki. Baba, Baffa Rahman da sauran dangi na nan da na gida, Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Fauzia, ke kika fi kowa rashi, na yarda. Allah ya sanyaya zuciyarki. In za ki iya, ki zo gidanmu ki gaya mini abin da take cewa a kwanakinta na ƙarshe. Ba zan katse ki ba, ko da sunana bai fito ba.